Inda Yatsa Ya Sauka

Rekiya ba ta san zama ba. Wannan kowa a Mpape ya shaida, tun daga 'yan acaɓan bakin kasuwa har matan da ke zuwa awon ciki a ɗan asibitin da take aiki. In ta zauna ƙafarta ta dinga karkarwa, in ta miƙe hannunta ya shiga neman abin yi, in kuwa tsautsayi ya sa wani ya faɗi abin da ba haka ba a gabanta, to ya shiga uku, don ba za ta ƙyale shi ba sai ya janye. 'Yar Toto ce, aure ya kawo ta Abuja, mijin ya rasu, ita kuwa ta tsaya da 'yarta ɗaya, Nafeesa, a ɗaki guda can saman gangare.

Shekararta goma sha ɗaya tana karɓar haihuwa a asibitin nan mai ɗaki huɗu, ba ta da wata takarda sai ta gama sakandare. Hannu Allah ya ba ta. Rabin yaran da ke tsalle-tsalle a lungunan unguwar ita ta yanke musu cibiya, kuma ta san sunan kowanne da irin wahalar da ya ba uwarsa. Amma garin ya fara sauyawa. Lokacin nan ne da Abuja ke cin siminti kamar ba gobe, duk inda ka waiga gini ne ke tashi, tifofi na gangarowa daga Mpape da tsakuwa tun asuba har magariba, kuma duk wanda ya samu kujera a ofis sai ya fara tambayar takarda. Masu duba asibitoci suka zo da farar mota, suka zazzagaya, suka ce daga baɗi duk wanda ba shi da shaidar karatu, ko aƙalla shaidar yana kan karatun, kada ya kuskura ya ƙara taɓa majinyaci.

Likitan da ke da asibitin mutum ne mai kunya. Ya kira ta ofis yana ta sosa ƙeya, ya ce ya rufa mata asiri shekara biyu, bana kam abin ya fi ƙarfinsa. In ta ci jarrabawar shiga jami'a, ta kawo makin da ake nema na karatun jinya, zai riƙe mata gurbinta a ɗakin haihuwa har ta gama. In kuwa ta sake faɗuwa, sai dai ta koma kan tsintsiya da bokiti, ɗakin haihuwa ya koma hannun Nabilah, yarinyar da aka ɗauka bara da sabuwar takardarta, wadda har yau in jini ya ɓalle sai ta leƙo tana kiran Anti Rekiya. Rekiya ta ce ta ji. Da ta fito sai da ta zagaya asibitin sau biyu kafin ta tuna abin da ta fito ɗauka.

Sau biyu ta zauna wa jarrabawar nan, sau biyu tana faɗuwa. Ba Bayoloji ke kayar da ita ba, wannan a tafin hannunta yake, Kemistiri da Fiziks ma tana lallaɓawa. Turanci ne, kuma a Turancin ma ba nahawu ba, 'yan labaran nan ne da ake bayarwa a karanta sannan a amsa tambayoyi a kansu. Abin na ci mata rai, domin ita dai ta san tana gane abin da ta karanta sarai. Bara maki shida kacal suka raba ta da abin da ake nema.

Wata mai jego ce ta ba ta labarin Malam Leonard, tsohon malamin Turanci ɗan Pankshin, wanda ya yi ritaya ya biyo ɗansa Abuja, zaman banza ya ishe shi ya buɗe lesin a wani ɗaki bayan shagon walda. Kowace Asabar daga ƙarfe goma zuwa ɗaya yake koyarwa. Ranar da Rekiya ta fara zuwa ta tarar da yara sa'annin ƙannenta na bayan baya, wasu ma ta san ranar da aka yaye su. Ta cusa gwiwoyinta ƙarƙashin benci da ƙyar, ta ce duk wanda ya yi dariya za ta tambayo uwarsa ta faɗa wa ajin da ƙafa ya fito ko da kai. Babu wanda ya yi dariya.

Malam Leonard dogo ne, siriri, tabarau ɗaure da zare, ba ya ɗaga murya. Ya raba musu wani labari mai sakin layi huɗu a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyuka, da tambayoyi goma, kowace da zaɓi huɗu. Rekiya ta ga kan labarin ta yi murmushi, yau an zo gidanta. Kafin yaran su kai rabi ta gama, ta kife takarda tana kaɗa ƙafa tana kallon rufin kwano. Da aka duba, uku ta ci cikin goma.

Ai kuwa ta miƙe. Ta ce a nuna mata inda ta kauce. Malam ya karanto tambaya ta biyu, wadda ta ce, a cewar marubucin, me ya sa mutanen ƙauye ke jinkirin kai mara lafiya asibiti. Ita ta zaɓi rashin hanya da abin hawa, amsar kuwa wai rashin sani ce. Rekiya ta ce wallahi wanda ya rubuta wannan bai taɓa fita daga ofis ba. Ita da hannunta ta tura mace mai naƙuda a baro daga saman dutse har asibiti, ruwa na dukansu, mijin na gaba da tocila, wane rashin sani? Sun san hanyar asibiti sarai, motar ce babu. Ta kawo misali na biyu, ta kawo na uku, har mai walda ya kashe injinsa yana saurare. Malam Leonard ya bar ta ta zazzage buhunta kaf, sannan ya goge tabarau.

"Maman Nafeesa, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ba a tambaye ki abin da ya faru a Mpape ba. An tambaye ki abin da mutumin nan ya ce."

"To in ƙarya ya yi fa, Malam?"

"Sai ki ce ya ce. In maƙwabcinki ya ce akuyarsa ta haifi kaza, alƙali ya tambaye ki me ya ce, me za ki faɗa?"

Ta ce ita dai abin da ta sani gani ya kori ji. Ya ce haka ne, a ko'ina cikin duniyar Allah gani ya kori ji, ban da ɗakin jarrabawa. A can, abin da ka gani da idonka a bakin ƙofa ake ajiye shi tare da jaka da waya. Ya ce ya shekara talatin yana koyarwa, kuma ba daƙiƙai ne suka fi ba shi wahala ba, waɗanda suka san duniya ne, domin yaro ɗan shekara goma sha bakwai ba shi da abin da zai yi gardama da shi, abin da takarda ta ce shi yake bi, babba kuwa sai ya shiga jarrabawa da rayuwarsa duka a ka.

Daga nan ya koya mata abin da yake kira ɗora yatsa. Kafin ta cike kowace amsa, dole ta ɗora yatsanta na nuni a kan layin da ya faɗi haka a cikin labarin. In yatsa ya yi ta yawo bai samu wurin sauka ba, to amsar daga cikin kanta ta fito, ta jefar da ita ko da kuwa za ta iya dafa Alƙur'ani a kanta. Ya ce ta riƙa fara karanta tambayoyin kafin labarin, don wanda ya san abin da aka aike shi saye ba ya ɓata yini a kasuwa. Ta sa wa kowane sakin layi lamba a gefe. In ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba kada ta tsaya yi mata gaisuwa, ta tambayi maƙwabtanta na gaba da na baya. Ta kuma yi hattara da duk inda marubuci ya ce amma, domin sau da yawa abin da ya faɗa kafin nan shimfiɗa ce kawai, ainihin maganarsa na bayanta.

Wannan duk mai sauƙi ne a baki. A aikace Rekiya ta sha wuya. Idonta ya saba gudu, layi biyu ta karanta ta riga ta san sauran, ko kuma tana zaton ta sani. Yatsan ya zame mata takunkumi, tana ja yana ja. Asabar ta biyu ta ci huɗu, ta yi gardama a kan uku. Asabar ta uku ta ci shida, gardama ɗaya, ita ma a tsaye a bakin ƙofa bayan an tashi. Ta fara bin komai da yatsa, takardar cikin kwalin magani, sanarwar da aka manna a bangon masallaci, har littafin makarantar Nafeesa, tana karantawa tana tambayar kanta me mutumin nan ya ce, ba me na sani ba. Nabilah ta gan ta a ɗakin haihuwa tana bin takardar allura layi-layi, ta tambaya ko idon Anti ne ya fara rauni. Rekiya ta ce idonta ƙalau, bakinta take koya wa ladabi.

Akwai abu ɗaya da ba ta taɓa faɗa wa Malam Leonard ba sai wata Asabar da ruwa ya tsare su bayan yara sun watse. Ya tambaye ta me ya sa gardama ta zame mata jiki haka, sai ta ba shi labarin Manniru, mijinta. Shekara tara ya yi a bakin injin niƙa dutse na wani kamfani a bayan unguwar, kullum ya dawo fari fat har gashin ido, sai ta yi masa tsiya ta ce tsoho ya dawo. Tari ya kama shi a shekara ta bakwai, irin busasshen nan da ba ya fitar da komai. A ƙarshe taku goma ba ya iyawa sai ya dafa bango. Ita ta yi jinyarsa, ita ta ga hoton ƙirjinsa, kuma ba ta buƙatar likita ya fassara mata. Ranar sadakar uku wani ma'aikacin kamfanin ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, ya zauna a tabarma ya ce ai hayaƙin itacen girki ne ke lalata wa mutanen unguwar nan ƙirji, ya kamata mata su koma risho. Manniru da ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba! Tana cikin takaba ta tashi ta jawo buhun shinkafar har bakin kwata, ta ce ya ɗauki abinsa. Tun ranar ta yi wa kanta alkawari duk inda ta ji wannan magana sai ta ƙaryata ta, ko a gaban wa.

Malam Leonard ya ce Allah ya ji ƙansa, sannan ya ƙara da cewa ta sani fa, masu shirya jarrabawa daga jaridu da mujallu suke yanko labaransu, jaridun yanzu kuwa ba su da aiki sai yabon gine-gine da masu yin su, don haka komai na iya fitowa. Ta ce ta ji. Hankalinta na kan ruwan da ya ƙi tsayawa da wankin da ta bari a igiya.

Makarantar da aka tura ta rubuta jarrabawar a Kuje take, wata uwa duniya daga Mpape. Ranar jarrabawar ta yi sallar asuba, ta miƙa Nafeesa wurin maƙwabciya, yarinyar na ɗan tarin da ta saba yi kullum da safe. Acaɓa zuwa bakin titi, bas zuwa cikin gari, wata bas ɗin zuwa Kuje, ko'ina an tone hanya ana faɗaɗawa, ko'ina tifa ta tare gaba. Ta duba jakarta ta ga fensir biyu da abin gogewa, bayan minti biyar ta sake dubawa. Matar da ke kusa da ita ta ce baiwar Allah ki bar ƙafar nan ta huta, kujerar duka rawa take. Ta ba ta haƙuri, ƙafar ta tsaya, ba a yi nisa ba ta ci gaba.

Sun fi ɗari a zauren. Aka karɓe jakunkuna da wayoyi a ƙofa, Rekiya ta tuna maganar Malam ta yi ɗan murmushi. Aka raba takardar tambayoyi da takardar amsa mai ƙananan gidaje da ake baƙantawa da fensir, wadda aka ce inji ne ke dubawa, ba ruwansa da kowa. Ta yi bisimilla ta fara da Turanci tun kanta da sauran sanyi. Labari na farko a kan kiwon zuma ne, abin da ba ta san komai a kai ba, saboda haka ya zo mata da sauƙi. Ta karanta tambayoyi, ta sa lambobi, yatsa ya sauka sau biyar ba gardama. Na biyu ma haka. Ta ji wani daɗi ya ratsa ta, ashe abin ba gagara ba ne.

Ta juya shafi zuwa labari na uku, ta fara da tambayoyin kamar yadda aka koya mata. Ta farko ta ce, a cewar marubucin, mene ne babban abin da ke jawo tari ga mutanen da ke zaune kusa da wuraren fasa dutse. Zaɓi na farko ƙurar dutse. Na uku hayaƙin itacen girki. Fensirin ya riga ya kai kan gida na farko kafin ta ankara ta janye hannunta. Ta ce a ranta a bi a hankali, wataƙila wannan marubucin ɗan halak ne.

Sakin layi na farko yabon birni ne mai tasowa da ba a faɗi sunansa ba. Na biyu ya ce mazauna kusa da wuraren fasa dutse sukan yi kukan ƙura na sa su tari, Rekiya ta gyaɗa kai, har ta fara ganin mutuncin mutumin. Sai ga sakin layi na uku ya buɗe da amma. Amma, in ji shi, masu wannan kuka sun manta da murhun da ke cikin gidajensu, kuma hayaƙin itace shi ne babban mai laifi, ƙura kuwa an ɗora mata abin da ba ta ci ba. Yatsanta ya sauka a kan layin daram, babu ko tantama. Ta ɗauke shi da sauri kamar ta taɓa tukunya a wuta.

Ta duba sauran tambayoyin ko za ta samu mafita, sai ta ga abin ya fi haka muni. Ta uku na tambayar manufar marubucin, amsar da yatsa ya nuna ita ce wanke ƙura daga zargi. Ta biyar na neman kan da ya fi dacewa da labarin, shi ma can ya nufa. Tambaya uku cikin biyar a kan magana ɗaya suke tsaye. Ta tuna maki shida na bara. In ta bar su fanko ko ta cike gaskiyarta, ta san abin da ta zubar, kuma ba ta da tabbacin sauran darussan za su cike ramin.

Ta tsallake shafin ta tafi nahawu, ta gama, ta shiga Bayoloji, ta bi ta kan Kemistiri da Fiziks, amma rabin hankalinta na shafin baya. Kowace tambaya ta amsa sai ta ga mutumin nan zaune a tabarma da buhun shinkafarsa. Haushi ya cika ta, haushin marubucin, haushin Malam Leonard da yatsansa, haushin likita mai sosa ƙeya, har da na Manniru da ya tafi ya bar ta da wannan. Ƙafarta ta dinga dukan ƙasan tebur har yaron da ke gabanta ya waigo. Mai sa ido, wata mata mai kaurin murya, ta zo ta tsaya a kanta ta tambaya ko lafiya. Rekiya ta ce lafiya lau.

Da aka ce saura minti goma ta koma shafin. Ta gwada dabarar Malam, ta ce wa kanta ai ba ita ta faɗa ba, an ce a cewar marubucin, ita 'yar aike ce kawai, akuya ta haifi kaza. Maganar ta zauna a kai amma ta ƙi sauka ƙirji. Sai ta tuna tsintsiya da bokiti, ta ga kanta tana goge ƙasa a bakin ɗakin haihuwa, a ciki jini ya ɓalle wa wata, Nabilah na kiran Anti, ita kuwa doka ta ce kada ta taɓa. Ta tuna tarin Nafeesa na safe, da cewa mai tsintsiya ba ta da bakin da za ta ce wa kowa ga abin da ke damun yaran unguwar nan. Idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen mayafi don kada ya ɗiga a takardar amsa inji ya ƙi karɓa.

Ta ɗora yatsan hagu a kan layin, ta baƙanta gida na uku da hannun dama. Ta yi na tambaya ta uku, ta yi na ta biyar, ta cike su sosai yadda aka ce inji ke so. Sannan ta jawo takardar tambayoyin, wadda ta san babu mai karantawa, tattarawa za a yi a ɗaure, ta rubuta a gefen sakin layi na uku da Hausa, da ƙananan baƙaƙe: Manniru, ƙura ce. Aka ce a ajiye fensir, ta ajiye.

Makonnin jiran sakamako ba wanda ya ji daɗinta. Ta wanke labulen asibitin da ba su yi datti ba, ta sauya wa kwalaben magani wuri sau uku, ta daina zuwa lesin, in ta hango Malam Leonard a kasuwa sai ta bi wani layi. Ranar da aka ce ya fito, wata Asabar da hantsi, ta je shagon intanet na bakin tasha, mai shagon ya buga lambarta ya fitar mata da takarda. Ta haye makin da ake nema da huɗu. Ta karanta, ta sake karantawa da yatsa. Daga nan asibiti ta nufa, likita ya gani ya yi ta hamdala, ya ce ɗakin haihuwa nata ne, Nabilah ta rungume ta har da 'yar ƙwalla. Rekiya ta amsa musu duka yadda ya kamata, ta ninke takardar ta fita.

Ƙafarta ce ta kai ta bayan shagon walda. Sabbin yara ne a ajin, masu shirin baɗi. Malam Leonard ya fito bakin ƙofa, ya karɓi takardar ya ɗaga tabarau ya duba, fuskarsa ta washe. Ya ce ya san za a rina, ya ce ta shigo ta faɗa wa yaran nan sirrin da bakinta, su ga babbar mai gardama ta Mpape ta ci Turanci. Ba ta motsa ba. Ta ba shi labarin shafi na uku a taƙaice, muryarta ƙasa-ƙasa, abin da bai saba ji daga gare ta ba.

"Sau uku na ce hayaƙin itace ne, Malam. Da su na haye."

"A cewar marubucin, Maman Nafeesa. Ba ke kika ce ba."

"Fensirin nawa ne."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai jiniyar kamfanin fasa dutse ta ɗauka, ta sha biyun rana, wadda ake busawa kafin a tashi nakiya. Duk suka yi shiru suna jira, kamar yadda kowa a Mpape ya saba. Ƙasa ta girgiza, kwanon rufi ya yi ƙara, bayan ɗan lokaci farin garin dutse ya fara sauka a hankali a kan benci da littattafai da kan yaran. Wata yarinya a layin gaba ta fara tari, na kusa da ita ya kama.

Rekiya ta miƙa hannu ta ja yatsanta na nuni a kan allon tagar, ta ɗago shi fari fat, ta nuna wa tsohon.

"Wannan fa, Malam, a wane sakin layi yake?"

Malam Leonard ya dubi yatsan, ya dubi yaran, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ta karɓi takardarta daga hannunsa, ta kaɗe ƙurar da ta hau kai, ta sa a jaka. Ba ta goge yatsan ba. Ta ce masa ta gode, da gaske kuma take, sannan ta kama hanyar gangare da sauri, don ta baro wata mai naƙuda tun safe.